Me ya sa jami'o'in Amurka ke tsallake gwanin kwatabak na sakandare?

A shekarar 2014 wani yaro mai suna Josh Allen ya gama sakandare a Firebaugh, wani ɗan ƙaramin garin manoma a tsakiyar jihar Kalifoniya, wanda jama'arsa ba su kai 10,000 ba. Shi ne kwatabak, wato madugun masu kai hari, a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta makarantar, kuma duk wanda ya taɓa ganin jifarsa ya san Allah ya hore masa ƙarfin hannu. Burinsa bai wuce ya buga wa Jami'ar Fresno State ba, wadda ke nan kusa da gida. Ba su ɗauke shi ba. A cikin manyan jami'o'in ƙasar ma babu ko ɗaya da ta ba shi gurbin karatu kyauta. Sai ya tafi Reedley, wata kwalejin shekara biyu, daga can ya aika wa masu horarwa saƙon imel sama da 1,000 haɗe da bidiyon wasansa. Biyu kacal suka yi masa tayi, Wyoming da Eastern Michigan, ita ma ta biyun ta janye da ta ji ya kai ziyara Wyoming. A 2018 ƙungiyar Buffalo Bills ta ɗauke shi na 7 a zaɓen sababbin 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, kuma shi ya lashe kyautar gwarzon ɗan wasan gasar na kakar 2024.

Mai jin wannan labari zai yi saurin cewa masu zawarcin 'yan wasa makafi ne. Ban yarda da haka ba. Mutane ne da suka san aikinsu, suna kwana gaban bidiyo, suna yini a hanya. Abin da ya kamata a duba shi ne irin tambayar da aka ɗora musu su amsa, da lokacin da ake so su amsa ta, da abin da zai same su in suka yi kuskure.

Kafin nan, ga ɗan bayani ga wanda bai saba da wasan ba. Ƙwallon Amurka da hannu ake buga ta, mutum 11 a kowane ɓangare, ƙwallon kuma doguwa ce mai tsini a kai biyu. Kwatabak shi ne madugun masu kai hari. Kusan kowane zagaye na wasa a hannunsa ƙwallo ke fara sauka, shi zai karanta yadda abokan hamayya suka jeru, ya yanke shawara cikin daƙiƙa biyu ko uku ko ya jefa, ko ya miƙa wa mai gudu, ko ya ruga da kansa, alhali ƙarti masu nauyin kilo 130 suna ƙoƙarin danne shi. Sannan a Amurka ƙungiyoyin ƙwararru ba su da makarantun renon yara irin na Barcelona ko Ajax. Hanyar ɗaya ce: sakandare, jami'a, sannan NFL, wadda dokarta ta ce sai yaro ya yi shekara uku da barin sakandare kafin a zaɓe shi. Don haka jami'a ita ce ƙofa. Wasan jami'o'in ma kansa babbar harka ce, filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 100,000. Ga iyalin da ba su da hali kuwa, gurbin karatu kyauta yana nufin digiri ba tare da bashin da za a shekara ashirin ana biya ba.

Matsalar farko lissafi ce tsagwaronta. Yara sama da miliyan ɗaya ke buga wannan wasa a sakandaren Amurka, makarantun da ke da ƙungiya kuwa sun haura 10,000, kowace da nata kwatabak. Jami'o'in da ke matakin ƙoli, wanda ake kira FBS, 130 da 'yan kai ne, manyan cikinsu masu kuɗi ba su kai 70 ba. A al'ada kowace jami'a kwatabak ɗaya take ɗauka a shekara. Masu tare gaba biyar ne a fili lokaci guda, masu cafe ƙwallo uku ko huɗu, don haka za a iya ɗibar su da yawa a ga wanda zai yi. Kwatabak kuwa kamar gola yake a tamaula, ɗaya ke tsayawa, sauran suna benci, kuma ba a yi masa canji don ya huta. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Yaron da ya fi kowa a gundumarsa, ko ma a rabin jiharsa, yana iya zama na ɗari biyu a ƙasar, kuma na ɗari biyu ba shi da kujera. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa an zalunce su, a nan labarinsu ya tsaya, babu wanda ya yi musu mugunta.

Amma lissafi bai bayyana Josh Allen ba. Abin da ya fi bayyana shi lokaci ne.

Sakandaren Amurka shekara huɗu ce. Mai hankali zai zaci a shekarar ƙarshe ake auna yaro, lokacin da ya cika ya batse. A wurin kwatabak ba haka abin yake ba. Shi ake fara nema a kowane aji, saboda da zarar ya yi alkawari yakan zama jakada, ya riƙa kiran sauran yara su biyo shi. Manyan jami'o'i kan gama zaɓen nasu tun yaro yana shekara ta uku, ko a hutun bazarar da ke biye da ita. Da na farko ya zaɓi makaranta, waɗanda suka rasa shi sai su koma kan na biyu a jerinsu, haka abin zai yi ta gangarowa har kujerun su ƙare cikin 'yan watanni. Tun 2017 aka ƙara lokacin sa hannu na watan Disamba a kan na Fabrairu da aka saba, abin da ya ƙara jawo komai gaba. Ranar da yaro ke buga wasan da ya fi kowane kyau a rayuwarsa, a daren Juma'ar wata Nuwamba ta shekararsa ta ƙarshe, kasuwa ta riga ta watse.

Masu zawarci sun yi imani da cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wani lokaci gaskiya ne. Amma jikin ɗan shekara 16 bai gama magana ba. Carson Wentz ya shiga sakandare a Bismarck yana ɗan guntun yaro, ya fita da tsawon ƙafa 6 da inci 5, ga rauni da ya hana shi taka rawar kwatabak a shekara ta uku, shekarar da ake kallo. North Dakota State, wadda ke mataki na biyu, ita ta same shi, daga baya aka ɗauke shi na 2 a zaɓen NFL na 2016. Drew Brees jijiyar gwiwarsa ta tsinke a shekara ta uku. Ya warke, ya jagoranci makarantar Westlake ta birnin Austin ta ci wasa 16 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta ɗauki kofin jihar Teksas a 1996. Duk da haka Purdue da Kentucky ne kawai suka ba shi gurbi, Jami'ar Teksas da ke cikin garinsu ba ta neme shi ba. Ben Roethlisberger kuwa sai a shekararsa ta ƙarshe ya samu ya zama kwatabak, kafin nan mai cafe ƙwallo ne, domin wani yaron ke riƙe da kujerar. Ko a sakandare mutum ɗaya ke tsayawa, wanda ya yi rashin sa'ar zuwa bayan wani gwani sai ya jira, jiran kuma shi ke cinye masa shekarar gwaji.

Ɗaya gefen wannan gaggawar shi ma yana da nasa abin tausayin. A 2010 Lane Kiffin, kocin Jami'ar Kudancin Kalifoniya (USC) a lokacin, ya yi wa David Sills tayi yana ɗan shekara 13. Duk ƙasar ta ɗauka. Yaron bai taɓa buga wa USC ba, a ƙarshe a West Virginia ya yi suna, a matsayin mai cafe ƙwallo. Idanun da suka hango kwatabak a jikin ɗan 13 su ne suka kasa ganinsa a jikin Allen ɗan 18.

Sai batun awo. Akwai siffar da masu horarwa suka daɗe suna ɗauke da ita a kai: tsawon ƙafa 6 da inci 3 ko fiye, wajen mita 1.9 ke nan, faffaɗan tafin hannu, ƙaƙƙarfan jiki. Suna da hujja. Masu tare masa gaba dogaye ne, dole ya hango abin da ke bayansu, kuma jikinsa zai sha duka wata huɗu a jere. Aaron Rodgers ya gama sakandare a Chico da tsawon kusan ƙafa 5 da inci 10, ga shi siriri, abin da ya samu daga babbar jami'a bai wuce gayyatar Illinois ba, ya zo ya gwada sa'arsa ba tare da tallafi ba. Brees bai wuce ƙafa 6 ba. Baker Mayfield ya ci kofin jiha da makarantar Lake Travis a 2011, amma manyan jami'o'in yankinsa suka ga bai cika ido ba. Ya shiga Texas Tech a matsayin ɗan sa-kai, wato wanda ke biyan kuɗin makarantarsa da kansa yana atisaye da ƙungiya, ya sake yin haka a Oklahoma, ya ci kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i a 2017, aka ɗauke shi na farko a 2018. Kowa ya rena gajere bai taka kunama ba. Stetson Bennett, ɗan garin Blackshear a jihar Jojiya, wanda bai kai ƙafa 6 ba, shi ma ɗan sa-kai ne a Jami'ar Jojiya. Ya fita zuwa kwalejin shekara biyu a Mississippi, ya dawo, ya karɓe kujerar daga hannun mai taurari biyar, wato matakin ƙoli a ma'aunin yaran sakandare, ya ciyo wa makarantar kofin ƙasa sau biyu a jere, a kakar 2021 da ta 2022.

Dalilin da awo ke da ƙarfi haka shi ne, shi kaɗai ne abin da ba a gardama a kansa. Tsawo lamba ce. Gudun yadi 40 lamba ce. Amma abubuwan da ke raba gwanin kwatabak da wanda ba gwani ba, saurin karanta fili, jefa ƙwallo wurin da mai cafewa zai isa kafin ya isa, tsayuwar zuciya bayan an yi masa mugun duka, iya jan ragamar 'yan uwansa a lokacin da ake cin su, babu ma'aunin da ake ɗora su a kai. Mutum kuwa in aka ba shi abu biyu, ɗaya yana aunuwa ɗaya ba ya aunuwa, zai jingina da mai aunuwar ko da ya san ɗayan ya fi muhimmanci.

Iyaye sukan kawo alƙaluma: ɗana ya jefa yadi kaza, ya ci kaza, jaridar gari ta sa hotonsa. Mai zawarci ba ya ƙaryata su, tambayarsa ita ce, da wa ya buga? A Teksas ana raba makarantu bisa yawan ɗalibai daga 6A zuwa 1A, ƙananan ma mutum shida-shida suke bugawa don ba su da yaran da za su cika 11. Yaron da ke ragargazar makarantun ƙauye yana jifa ne ga abokin da ya tsere wa mai tsaronsa da taku biyar. A jami'a tazarar ba za ta wuce tafin hannu ba, kuma cikin ƙiftawar ido za ta rufe. Shi ya sa bidiyon ɗan Mater Dei ko St. John Bosco a Kalifoniya, ko IMG Academy a Fulorida, ya fi saurin shiga. Waɗanda yake karawa da su gobe a jami'a za a gan su, don haka an riga an yi rabin gwajin.

Akwai kuma tsarin wasan da kocin sakandare ya zaɓa, abin da yaro ba shi da ta cewa a kai. A nan labarin Cam Ward ya fi kowane taɓa ni. Makarantarsu a West Columbia ta jihar Teksas tana buga wani tsohon salo ne da ake kira Wing-T, wanda kusan kullum miƙa ƙwallo ake yi ga masu gudu. Kwatabak a wannan salo kamar direban da aka ba mota mai ƙarfi ne aka ce kada ya wuce giya ta biyu. Ward ya gama sakandare ba shi da jifar da za ta cika bidiyo mai ɗaukar hankali, ba shi da tauraro ko ɗaya a shafukan da ke auna yara. Incarnate Word, wata ƙaramar jami'a a San Antonio da ke mataki na biyu, ita ta ba shi gurbi, bayan kocinta Eric Morris da mutanensa sun ga jifarsa da idonsu. Daga can ya wuce Washington State, ya wuce Miami, a 2025 Tennessee Titans ta ɗauke shi na farko a duk ƙasar. Kocinsa na sakandare bai yi laifi ba, aikinsa ya ci wasa da yaran da Allah ya ba shi. Jami'o'in da suka wuce shi su ma ba su ga abin da za su kama ba. Baiwar tana nan, tsarin ne ba shi da tagar da za a leƙa a gan ta. Akasin haka ma yana faruwa: yaron da ke salon jifa zalla, gajerun jifa masu sauƙi sau 50 a wasa, alƙalumansa za su kai sama, sai a ce ai tsarin ne ya yi masa aiki, a rage masa daraja.

To ta ina ake ganin yaro in ba ta wasan Juma'a ba? Ta sansanonin gwaji na bazara. Mafi yawan kociyoyi ba sa ba kwatabak gurbi na gaske sai sun tsaya a bayansa sun ga yadda ƙwallo ke fita daga hannunsa. Gani ya kori ji. Amma zuwa sansani kuɗi ne: kuɗin rajista, mai ko tikitin jirgi, ɗakin kwana, uba ko uwa su bar aiki. Ga gasar mutum bakwai-bakwai da ake yi ba karo, ga malaman jifa masu zaman kansu da masu hali ke ɗaukar wa 'ya'yansu tun suna firamare, ga gasar Elite 11 da aka fara a 1999, wadda shigarta kaɗai kan ɗaga sunan yaro. Josh Allen bai bi wannan layin sosai ba. In kakar ƙwallo ta wuce yana ƙwallon kwando, yana besbol, yana taya aiki a gonar gidansu. Abin da ya gina masa jiki da hali shi ne ya ɓoye shi.

Daga sansanonin nan ne kamfanoni irin su Rivals da 247Sports da ESPN ke samun yawancin abin da suke raba taurari da shi, daga biyu zuwa biyar. Masu taurari biyar wajen 30 ne a shekara a duk matsayin wasa. Kociyoyi za su ce ba sa kallon taurari, kuma da gaskiyarsu ta wani fanni, suna da nasu ma'aikatan. Sai dai abin zagaye yake. In Alabama ko Ohio State ta yi wa yaro tayi, masu raba taurari za su sake dubansa, sauran jami'o'i su ce me suka gani da ba mu gani ba, tayi goma su biyo baya cikin mako. Wanda ba shi da ko ɗaya kuma, rashin nasa ya zama shaida a kansa: in da yana da kyau, ai da wani ya riga mu. Tayin farko shi ne mai wuya. Shi ma tayin ba duka ne na gaske ba. Jami'a na iya raba ɗaruruwan tayi na baka alhali kujerun da take da su a shekarar ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Yaro ya sa a shafinsa yana murna, ran da ya kira ya ce ya amince sai a ce ya dakata tukuna. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma yara da yawa sun saki ƙaramar jami'ar da ke son su da gaske suna jiran babbar da ta ajiye su a matsayin na uku.

A ganina duk waɗannan rassa ne, jijiyar ita ce tsoro. Mataimakin kocin da ke zawarci yana kan kwantiragin shekara ɗaya ko biyu, maigidansa kuma in ya yi kaka biyu ko uku ba nasara za a sallame shi da duk mutanensa. Ka sa kanka a matsayinsa. In ya kawo dogon yaro mai taurari huɗu wanda jami'o'i 20 ke nema, yaron ya gaza, ba wanda zai zarge shi, kowa ya so yaron. In ya kawo siririn ɗan ƙauye da ba wanda ya sani, ya gaza, laifin nasa ne shi kaɗai, kuma ya ɓarnatar da kujera ɗaya tilo ta shekarar. Kuskuren da aka yi tare da jama'a ba ya korar mutum daga aiki. Wanda ya wuce Josh Allen a 2014 babu abin da ya same shi, kafin gaskiya ta fito shekara huɗu sun wuce, wataƙila ma ya canza wurin aiki sau biyu. Tsarin yana hukunta wanda ya ɗauki yaron da bai yi ba, ba ya hukunta wanda ya bar yaron da ya yi. Muddin haka ne, za a ci gaba da barin su.

Akwai wani dalili mai nauyi da bai kamata a tsallake ba, wato launin fata. Shekaru da dama an ɗauka a Amurka cewa kwatabak kujerar tunani ce, kuma aka riƙa ture yara baƙaƙe daga kanta zuwa matsayin gudu da tsaro. Warren Moon ya gama sakandare a Los Angeles jami'o'i suna son su canza masa matsayi. Ya ƙi, ya bi ta kwalejin shekara biyu, ya je Jami'ar Washington ya ci Rose Bowl, babban wasan ƙarshen kaka na jami'o'i, a 1978. Duk da haka ba ƙungiyar NFL da ta zaɓe shi, sai Kanada ya tafi, ya ci kofi biyar a jere da Edmonton kafin Houston ta kawo shi a 1984. A 2006 ya zama baƙar fata na farko da ya shiga zauren girmamawa na ƙwararru a matsayin kwatabak. Abubuwa sun canza ƙwarai, amma saurarsa na nan a cikin kalma ɗaya da ake liƙa wa yaro mai gudu, a rubuta shi a matsayin ɗan wasa kawai ba tare da an ce kwatabak ba, ma'ana muna son jikinka, kujerar kuma ta wani ce. Lamar Jackson ya zaɓi Louisville ne bayan an tabbatar wa mahaifiyarsa cewa kwatabak zai buga ba wani abu ba. Ya ci Heisman a 2016, amma gab da zaɓen 2018 wani tsohon babban jami'in NFL, Bill Polian, yana ba shi shawarar ya koma mai cafe ƙwallo. Ya zama gwarzon NFL sau biyu, 2019 da 2023.

Karatu ma yana yanke wasu. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, tana buƙatar darussa 16 da ta amince da su da matsakaicin maki 2.3 kafin yaro ya buga a rukuni na ɗaya, wanda ya ƙunshi matakin ƙoli da mataki na biyu. Koci in ya ga takardun yaro suna rawa, ba ya jira, yana wucewa ga na gaba, sau da yawa ba tare da ya faɗa wa kowa dalili ba.

Duk abin da na lissafa ya girmi shekarar 2018. Abin da ya zo bayanta ya ƙara tsananta lamarin. A watan Oktoba na shekarar aka buɗe rajistar sauya sheƙa, inda ɗan wasan jami'a ke sa sunansa duk masu horarwa su gani. A 2021 aka cire dokar da ke sa mai sauya makaranta zaman shekara guda ba wasa, a watan Yuli na shekarar kuma aka halatta wa 'yan wasa samun kuɗi da sunansu. Yanzu kocin da kujerarsa ke rawa yana da zaɓi biyu: ɗan shekara 18 da zai rena shekara biyu ko uku, wanda in ya yi kyau wata jami'a mai kuɗi za ta ɗauke, ko ɗan shekara 22 da ya riga ya buga wasa 25 a jami'a, bidiyonsa na nan kowa ya gani. Da tsohuwar zuma ake magani. Dubi waɗanda suka ci Heisman: Mayfield a 2017, Kyler Murray a 2018, Joe Burrow a 2019, Caleb Williams a 2022, Jayden Daniels a 2023, dukkansu a makaranta ta biyu suka ci. Masu taurari biyar ba abin da ya taɓa su. Wanda ya ji jiki shi ne na tsakiya, yaron da a da zai samu kujera a matsakaiciyar jami'a a yi haƙuri da shi. Sulhun shari'ar da kotu ta amince da shi a watan Yunin 2025, wanda ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, ya kuma ƙayyade yawan 'yan ƙungiya zuwa 105, alhali a da manyan ƙungiyoyi kan haura haka da 'yan sa-kai. Ƙofar da Mayfield da Bennett suka shiga ta ƙara ƙunci.

Adalci ya sa in faɗi cewa masu auna yaran nan suna dacewa fiye da yadda labaran da na kawo za su sa a zata. Trevor Lawrence, Bryce Young da Caleb Williams duk masu taurari biyar ne tun suna sakandare, kuma kowannensu na farko aka ɗauke shi a zaɓen NFL, a 2021 da 2023 da 2024. In aka ɗauki yara ɗari masu taurari biyar da ɗari marasa ko ɗaya, na farkon za su yi nisa nesa ba kusa ba. Mafi yawan waɗanda aka tsallake, an tsallake su ne don hannun bai kai ba, kuma uban da ke kallon ɗansa daga kan benci shi ne mutum na ƙarshe da zai iya ganin haka. Ga irin wannan yaro akwai mataki na biyu da rukuni na biyu da na uku, ɗaruruwan makarantu da ake buga wasa na gaske ana kuma samun digiri, ba abin kunya ba ne.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka gano waɗanda aka gano ɗin. Jeff Tedford, kocin Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a lokacin, wani ɗan wasa daban yake dubawa a kwalejin Butte, mai suna Garrett Cross, sai ya lura da wanda ke jefa masa ƙwallon. Aaron Rodgers ke nan, wanda daga baya ya zama gwarzon NFL sau huɗu. Kuma don makinsa na sakandare na da kyau ne ya iya barin Butte bayan shekara ɗaya tak. Mutanen Wyoming ma wani suka je gani a Reedley suka ci karo da Allen, sannan kocinsu Craig Bohl, wanda ya taɓa ɗaukar Carson Wentz a North Dakota State, ya riga ya san kamannin dogon yaron karkara da ya makara wajen girma. Rodgers ya taɓa tunanin barin wasan ya karanci lauya. Da Tedford ya tura wani ya duba masa bidiyon, ko da Cross ya zaɓi wata kwalejin, da ba wanda zai san an yi asarar komai.